Me Ke Cin Igiyar Guga?

Duk mai jan ruwa a rijiyoyin Sabon Birni da Isa ya san igiyar rama ba ta cika ƙetare damina lafiya ba. Sai ta yi baƙi, ta yi laushi, wata rana ta tsinke, guga ya tafi ƙasa. Ruwa ake ɗora wa laifi, alhali shi hanya kawai yake buɗewa.

Masu ɓarnar ƙananan halittu ne, funfuna da bakteriya, waɗanda ke narkar da sinadarin selulos, wato ainihin zaren rama da auduga. Ba su da kataɓus sai da danshi. Irinsu ne ke taimakon manomi idan ya jiƙa rama a fadama: suna cinye ɗankon ɓawo, zare ya saki. In jiƙon ya wuce kima, sai su juya kan zaren.

Don haka maganin farko shi ne shanya: a rataye igiya inda iska ke kaɗawa, kada a ninke tufa da lema. Na biyu bagaruwa, wadda majema suka sani. Sinadarin tanin da ke cikinta yana ɗaure ruwan narkarwar da halittun ke fitarwa. A da, masuntan Ingila sun daɗe suna tsoma taru cikin dafaffen ruwan itacen wata 'yar'uwar bagaruwa ta Indiya.

Nailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, ba ya ruɓewa, amma rana tana cin ƙarfinsa.

Malamai na iya gwadawa: a raba igiya biyu, a jiƙa ɗaya a ruwan bagaruwa, a binne duka a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayan wata guda ɗalibai su tono, su ja.