Abubuwan da ya kamata ka sani game da wasan The Lion King, ta idon ɗalibin wasan kwaikwayo

Yawancin masu shiga zauren Lyceum da ke Landan, inda ake nuna wasan, shan kallo ne ya kai su. Ɗalibin wasan kwaikwayo kuwa kamar yaron tela yake da aka miƙa wa babbar riga: kafin ya yaba aska, sai ya juya cikinta ya ga yadda aka bi da zare.

Wane irin wasa ne?

Wasa ne na dandamali da waƙa da rawa ke ɗauke da labarinsa. Asalinsa fim ɗin zane ne da kamfanin Disney ya fitar a 1994. An buɗe shi a Broadway a 1997, ya iso Lyceum a 1999. Julie Taymor ce ta ba da umarni, kuma a 1998 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Tony ta ba da umarni a irin wannan wasa.

Me ya sa ba a ɓoye ɗan wasa?

Nan ne ɗalibi ke gyara zama. Ya zo da zaton cewa gwaninta ita ce a ɓoye dabara, sai ga raƙumin dawa ya ratso dandamali, kowa na ganin mutum ne a kan dogayen sanduna huɗu. Giwa ta biyo ta tsakanin kujerun 'yan kallo, mutum ɗaya a cikin kowace ƙafa. Ciyawar daji ma a ka ake ɗauke da ita, kamar farantin talla.

Fuskar zaki ba ta rufe ta mai wasan Mufasa, sarkin zakunan labarin, ba. A saman kansa take zaune, sai ya fusata ya sunkuyo ta sauko gabansa. Kana kallon dabba, kana kallon mutum, ba wanda ya danne wani. Taymor ta yi shekaru a Indunusiya tana aiki da masu wasan gargajiya, ta kuma ari salon 'yar tsana na Japan, wanda a kansa aka gina Timon, ɗaya daga cikin dabbobin labarin: mai sarrafa shi na tsaye a bayansa ƙiri-ƙiri.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi araha. Da fari ya afka wa ƙasar zakunan a cikin labarin, wani shuɗin yadi ne shimfiɗe a ƙasa ake ja sannu a hankali ta wani rami har ya ɓace. Tafki ya ƙafe ke nan. Yadi da rami, kowace ƙungiyar wasa ta makaranta za ta iya samu.

Waƙar da bakinsu suke yi?

Ƙwarai. Wanda ya saba da finafinan Kannywood, inda mawaƙi ke rerawa a situdiyo jarumi ya bi da baki, zai ga bambanci. A nan ɗan wasa na rawa, yana ɗauke da nauyin kaya, numfashinsa kuma bai yanke ba. Makirufo ɗan mitsitsi ne da ake maƙala masa a goshi. Makaɗa na cikin rami a gaban dandamali, masu ganguna kuma a gefe biyu, a sarari. Elton John da Tim Rice ne suka yi waƙoƙin fim ɗin, amma amshin da ke tayar da tsigar jiki na Lebo M ne, ɗan Afirka ta Kudu, da harsuna irin su Zulu.

Wa ke riƙe da linzami?

Da zarar an buɗe wasa, mai ba da umarni ya gama nasa. Manajan dandamali ne ke zaune da rubutun wasan, yana ba da izinin kowace fitila da kowane motsin kaya ta na'urar kunne. Sau takwas ake yin wasan a mako, don haka akwai 'yan ko-ta-kwana, wasunsu sun haddace rawar mutane da yawa. Idan aka sa ɗaya daga cikinsu yau, da wuya mai kallo ya gane.

Ina ya gaza?

A ganina labarin bai kai adonsa ba. Barkwancin Timon da abokinsa Pumbaa na fim ne, kuma yakan sassauta wasan daidai lokacin da ya fara kama zuciya. Afirkar ma ba ta da gari: suna daga Suwahili, amshi daga Zulu, tufafi daga ko'ina. Wanda ke son ganin wasa mai unguwa da adireshi sai ya nemi Fela!, wanda Bill T. Jones ya kai Broadway a 2009, ya mayar da dandamali gidan rawar Fela Kuti na Legas, aka kuma kawo shi Legas ɗin a 2011.