Turakun da Ke Riƙe Gangaren Dutse

'Yan'uwa manoma, duk wanda gonarsa ke kan gangare ya san ɓarnar da ruwan Agusta yake yi. To, masu gina hanyar jirgi ma suna fama da wannan damuwa, dabararsu kuwa tana da abin koyo.

A ƙasar Sin akwai hanyar jirgin ƙasa daga Chengdu zuwa Kunming, wadda aka buɗe a 1970. Tsawonta wajen kilomita 1,100 ne, yawancinta cikin duwatsu. Sai da aka huda dutse wuri 427 domin jirgi ya ratsa ta ciki. A wurare da dama kuwa gangaren da hanyar ta bi yana zamewa.

Me ke sa gangare zamewa? Ƙasar sama tana zaune ne bisa fā ko yumɓu mai tauri. In ruwa ya nutse, sai ya tsaya a tsakaninsu ya kawo santsi, ƙasar kuma ta ƙara nauyi. Daga nan sai ta fara gangarowa sannu sannu. In ramin jirgi yana cikin wannan ƙasa, bangonsa zai tsage, rufinsa ya lotsa.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne manyan turaku na kankare. Akan haƙa rami kamar rijiya, mai kusurwa huɗu, sau da yawa mita 2 da mita 3. Ana haƙawa ana ɗaure bangon da siminti, har a wuce ƙasa mai motsi a shiga cikin fā. Sa'an nan a sa rodi, a cika da kankare. Kashi ɗaya cikin uku na turken, ko ma rabinsa, yakan kasance cikin fā. Ai kun sani, turken da aka kafa cikin rairayi, akuya ma takan tumɓuke shi.

Akan jera turakun a layi kusa da ramin jirgin, su tare nauyin ƙasar kafin ya danne bango. Ba a haƙa su gaba ɗaya. A haƙa ɗaya, a tsallake ɗaya, domin kada gangaren ya raunana. Akan kuma yi lambatu daga sama ya janye ruwa, gama turke kaɗai ba ya isa.

Mu ba mu da ramin jirgi, amma muna gina rumbun ƙungiya da hanyar amalanke a gefen tudu. Saboda haka mu kiyaye abu uku. Kada mu sare gindin gangare, shi ne ke tokare na sama. Mu yi wa ruwa hanya daga bisa. Harsashi kuma ya kai ƙasa mai tauri. In kun ga tsaga a ƙasa, ko itatuwa sun fara karkata, ku sanar da malamin gona tun kafin damina ta yi nisa.