GARANTIN MOTA: IDAN DILA YA CE BA RUWANSA

 Yau maganar garanti za mu yi, domin duk damina sai an ji wani ya kai sabuwar a-kori-kura ko babur mai ƙafa uku wurin dila, an ce masa ruwa ne ya ɓata ta, ya je ya gyara da kuɗinsa.

Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera mota, cewa in wani abu ya lalace saboda aibin ƙira, za a gyara kyauta cikin wa'adi. Wasu kamfanoni sukan ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, wanda ya riga cika. Tun lokacin da Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ake ba mai sabuwar mota littafin sabis, kuma har yau littafin nan shi ne shaida. Amma motar Kwatano da ta Beljiyam, yawanci garantin kamfani ya ƙare tun a can. Abin da ya rage shi ne abin da mai sayarwa ya rubuta ya sa hannu.

A lura da wannan, don nan ne mutane ba su gane ba: dila shi ke gyara, kamfani ke biyansa. In yana tsoron kamfani ba zai biya ba, sai ya ƙi ka tun daga ƙofa. Saboda haka ƙin dila ba shi ne ƙarshen magana ba.

Hujjojinsu sanannu ne: an yi lodi fiye da kima, an tsallake sabis, an zuba gurɓataccen mai, ko ruwa ya shiga. Na ruwan shi ya fi damunmu, mu da ke zaune a fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda hanyoyinmu suka koma. Gaskiya ne, in inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, garanti ba ya ɗauka, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai fistin ya bugi ruwa, sandarsa ta lanƙwashe. To, amma wannan ɓarna tana barin alama. Matatar iska takan jiƙe ko ta yi laka, baƙin mai ya yi fari-fari kamar an zuba madara. In giya ce ta ƙi shiga tun watan Maris ana tsakiyar rani, ina ruwan ambaliya? Dila ya ga lambar Jigawa da taɓo a ƙarƙashin mota ya ce ruwa ne, wannan zato ne kawai. Ka ce ya nuna maka alamar a gabanka.

Kada ka bari makanikin bakin tasha ya kwance injin kafin dila ya gani, ko da gwani ne. Da ya sa sifana, ka ba su hujja a hannu. Ka nemi dila ya rubuta dalilin ƙinsa, da kwanan wata da lambar cesis da kilomitar da mota ta ci. Da yawa daga nan suke sassautowa, don faɗa da baki ya fi rubutawa sauƙi. Kayan da aka cire, ka ɗauki hotonsu. Sai ka haɗa rasit da littafin sabis ka rubuta wa kamfanin kansa, ka riƙe kwafi.

In abin ya ci tura, akwai hukumar tarayya mai kare masu saye, FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar CPC bayan an sa hannu kan dokarta a 2019. Dokar ta ba mai saye wata 3 daga ranar karɓar kaya ya mayar da abin da bai cika inganci ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗi. Wannan haƙƙi daban yake da garantin kamfani. Kotu ma tana nan, kuma malamanmu sun daɗe da sanin hukuncin mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye.

Ku kuma dillalai, kalmar nan "na ba ka garanti" da ake faɗa don ciniki ya faɗa, tana da nauyi. In mota ta tsaya a hanyar Nguru da kwandunan kifi a baya, wanda ya karɓi la'ada za a fara nema. In tsohuwar mota ce, ku rubuta kwana nawa aka ba da na gwaji, da abin da ya ƙunsa, inji da giya kawai ko har da wuta, shaidu biyu su sa hannu kafin a miƙa makulli.