Darasi na Tara: Auna Girman Rumbun Manhaja Kafin a Sauke Shi

Manomi ba ya ɗauko buhu sai ya san yawan hatsin da ke cikin rumbu. Haka ma mai aiki da kwamfuta, bai kamata ya fara sauke kaya daga intanet ba sai ya san nauyinsu. Data da kuɗi ake saye, kuma wurin ajiya a cikin kwamfuta yana da iyaka. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gano girman rumbun manhaja ta hanyar rubuta umarni.

Mene ne rumbun manhaja?

Kowace manhaja tana da rubutun da aka gina ta da shi. Masu rubuta manhaja sukan tara wannan rubutu a wuri guda, tare da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi masa. Wannan wuri shi muke kira rumbun manhaja. Manhajar da aka fi amfani da ita wajen kula da irin wannan rumbu ita ce Git. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, shi ya ƙirƙiro ta a shekarar 2005, domin aikin manhajar Linux wadda ya fara tun 1991. Daga baya, a shekarar 2008, aka buɗe GitHub, inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke ajiye rumbunansu. Kamfanin Microsoft ya sayi GitHub a shekarar 2018.

Me ya sa rumbu yake yin nauyi?

Idan mutum ya ba da umarnin git clone, kwamfutarsa ba rubutun yau kaɗai take ɗaukowa ba. Tana kwaso tarihin aikin gaba ɗaya. Ko da an share wani babban hoto shekaru biyar da suka wuce, hoton yana nan a cikin tarihi. Saboda haka, aikin da ake gani ƙarami yana iya zama mai nauyi ƙwarai. Rumbun Linux, alal misali, ya kai gigabayit da dama. Ɗalibin da ya fara sauke shi ba tare da ya duba ba, datarsa tana iya ƙarewa kafin aikin ya kai rabi. Idan kuwa git clone ya katse, sai an sake farawa daga farko. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tagar umarni

Tagar umarni wuri ne a kwamfuta inda ba a danna hoto. Mutum yana rubuta abin da yake so, ita kuma kwamfuta ta ba shi amsa a rubuce. Kwamfutoci masu Linux da macOS suna zuwa da ita. Masu Windows kuma suna samun Git Bash idan sun saka Git.

Aunawa kafin a sauke

GitHub yana da wata ƙofa ta musamman da manhajoji suke bi su nemi bayani. Ana aika tambaya ta wannan ƙofa da umarnin curl. Ga misali, idan muna son sanin girman rumbun Git kansa:

curl -s https://api.github.com/repos/git/git | grep size

Mu dubi sassan umarnin. Curl shi ne ɗan aike: yana zuwa adireshin ya karɓo bayani. Kalmomi biyu na ƙarshen adireshin su ne sunan mai rumbu da sunan rumbun. Bayanin da zai dawo yana da tsawo, don haka sandar da ke tsaye take miƙa shi ga grep. Shi kuwa grep kamar rariya yake: yana tace bayanin, ya bar layin da ke ɗauke da kalmar size kawai.

Lambar da za ta fito a kilobayit take. Kilobayit 1024 su ne megabayit ɗaya, megabayit 1024 kuma su ne gigabayit ɗaya. Idan, a misali, amsar ta nuna 51200, sai a raba da 1024, a sami megabayit 50. A lura cewa wannan lamba kiyasi ce. Tana iya bambanta da abin da za a sauke. Haka kuma, wanda bai shiga da sunansa ba, tambaya 60 kaɗai aka yarje masa a cikin awa ɗaya.

Aunawa bayan an sauke

Idan rumbun ya riga ya shigo kwamfuta, sai a shiga cikinsa a rubuta:

git count-objects -vH

Wannan zai nuna layuka da yawa. Layin size-pack shi ne mafi muhimmanci, domin shi yake faɗin nauyin tarihin da aka matse aka ɗaure wuri guda. Wata hanyar kuma ita ce:

du -sh .git

Git yana ɓoye tarihi a cikin jakar da ake kira .git, umarnin du kuma yana auna wurin da jakar ta cinye.

Idan rumbu ya yi girma da yawa

Mai son karanta rubutun yau kawai ba ya buƙatar tarihin shekara ashirin. Yana iya rubuta git clone --depth 1 sannan ya sa adireshin rumbun. Wannan zai ɗauko gyara na ƙarshe kaɗai, ya bar sauran. Ta haka ɗalibi zai tsimi datarsa, ya kuma sami abin da ya je nema.

Ma'anar kalmomi

rumbu: ɗakin ajiye hatsi
rariya: abin tace gari
kiyasi: lissafin da ba daidai-wa-daida ba
katse: tsaya kafin a gama
tsimi: yin amfani da abu kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare

Tambayoyi

1. Wa ya ƙirƙiro Git, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa ƙaramin aiki yake iya samun rumbu mai nauyi?
3. Mene ne aikin grep?
4. Kilobayit 204800 megabayit nawa ne?
5. Yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: rumbu, kiyasi, tsimi.