Taura biyu a bakin kogin Haɗejiya

Bahaushe yana da karin magana biyu da ba sa ga-maciji. Ɗaya ta ce sana'a goma maganin mai gasa, ɗayar kuma ta ce taura biyu ba ta taunuwa. A fadamun ƙasar Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, wannan saɓani magana ce ta abin da za a sa a tukunya, domin mutum guda kan zama manomi da damina, masunci da kaka, mai lambu da rani. Ra'ayina shi ne sana'a ta biyu da lokacin ta farko ake sayenta, saboda haka ba a ƙara ta sai ta farkon ta tsaya da ƙafarta, kuma sai idan abin da ke kashe ɗaya ba shi ne ke kashe ɗayar ba.

Wani wasan Turawa ya fito da wannan lissafi fili, shi ya sa zan ara. Sunansa Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda a cikin labari, wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, ana jefa ƙwayoyi irin na lido don a ga ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. A bugun 2014 matakan girma 20 ne kacal, kuma an yarda ɗan wasa ya haɗa aji biyu, kamar mayaƙi da matsafi. Sai dai duk matakin da ya kashe a sabon aji ya rage shi ne daga tsohon. Mayaƙi yana samun damar kai sara biyu a jere ne a mataki na 5, don haka wanda ya yi gaggawar komawa koyon tsafi a mataki na 4 zai daɗe yana sara ɗaya alhali sa'o'insa suna biyu, ga tsafin nasa bai taka kara ya karya ba. Dokar ma ba ta barin kowa ya ƙara aji sai yana da aƙalla maki 13 a baiwar da tsohon ajin da sabon suke bukata. Wasa ne, amma wanda ya tsara shi ya san abin da matasa da yawa ke mantawa: kwanakin mutum ƙididdigaggu ne, kuma kowace sana'a tana da wani tudu da sai an haye shi take fara biya.

A Haɗejiya kogi ne yake raba matakan. Ruwan sama yakan sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, a shuka gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. Ambaliya takan cika a Agusta da Satumba, kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa. Idan ruwa ya fara janyewa, tarwaɗa da ƙarfasa su taru a tafkuna da mashigai, a lokacin ne taru da mali da mamari ke cin kasuwarsu, a kuma bi danshin da ruwa ya bari a shuka wake. Da sanyi sai alkama da albasa da tattasai. Magidancin da ya haɗa noma da kamun kifi a wannan tsari bai haɗa gudu da susar katara ba, domin aikin ɗaya yana sauƙi ne daidai lokacin da na ɗayar ke tashi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ba rana ɗaya suke faɗuwa ba. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya shanye shinkafa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, kifi yakan wadata bayan ambaliyar, mai koma ya samu abin bandawa ya kai kasuwar kifi ta Haɗejiya ya auno hatsi. Wanda kuwa ya haɗa noman shinkafa da sayar da shinkafar da ya noma, sana'a ɗaya gare shi mai suna biyu, ruwa ɗaya ne zai tafi da su.

Masu goyon bayan sana'a guda suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Sana'ar su gadon gida ce. Masuncin da ya tashi a cikin jirgi yana duban launin ruwa da yadda ciyawa ke motsi ya san inda kifi ya kwanta, ya san wane ido na raga ya dace da wane wata, ya san iyakar da sarkin ruwa ya shata. Manomin da ya sayi koma bara ba zai kamo shi ba ko da shekara goma. Na yarda da wannan, kuma shi ne ma dalilin sharaɗina na farko. Saurayin da bai iya riƙe gonarsa ta ciyar da shi ba, ya sayar da buhun iri ya sayi raga, ya zama mayaƙin nan na mataki na 4. Amma hujjar tana ɗauka cewa ƙwarewa ita kaɗai ce abin nema, alhali a ƙasar da kogi ke canja ra'ayi kowace shekara, gwanin da ba shi da madogara ta biyu yana iya wayar gari tafkinsa ya ƙafe. Ba a ce manomi ya zama sarkin ruwa ba. Ɗan abin da zai koya, kafa mali goma a bakin gonarsa, ya ishe shi cefane.

Akwai kuma masu cewa maganar zaɓi ta mai hali ce, talaka abin da ya samu yake yi. Gaskiya ne a wani ɓangare, sai dai talakan ne kuskuren ya fi yi wa illa, tunda jarinsa ba ya jure asara biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne jadawalin da na zayyana ya fara rikicewa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke isowa ba ya bin tsohuwar al'adarsa ta cika da janyewa, yakan gudana har da rani. Wannan ya ba kacala damar toshe mashigai, ta hana jirgi wucewa, ta zama masaukin jan baki da ke wa shinkafa dirar mikiya. Aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da aka ƙaddamar a Auyo a 2023 ya kawo wani sauyin: wanda ya samu fili a can yana iya noma damina da rani, ba shi da sauran watannin hutu da zai ba kogi. A ce mutum yana tsaye a kan kunya da asuba, shinkafa ta yi nono, yana kaɗa gwangwani mai tsakuwa yana korar tsuntsu, a daidai sa'ar da ya kamata ya je ɗaga mali kafin rana ta ɓata kifin. Ɗaya za ta sha kashi. Ga irin wannan manomi su ya daina dacewa, abin da ya fi masa shi ne turke tumaki biyu ko sa guda a gida, su ci bambaro da harawar wake, su ba gonar taki, a sayar da su gab da Babbar Sallah. Maƙwabcinsa na can ƙasa wajen Baturiya, wanda gonarsa ke nutsewa shekara bayan shekara, lissafinsa dabam ne, shi kam raga ta fi masa rago.