Mintuna Goma Babu Famfo

Duk mai kiwon kifin ado a tankin gilashi ya san yadda abinci ke ɓacewa. Ka barbaɗa shi a saman ruwa, kafin kifi su ankara, famfo ya zuƙe rabinsa zuwa cikin mataci. Can zai maƙale a jikin soso ya ruɓe, ya saki ammoniya, wadda ko kaɗan ce guba ce ga kifi. Shi ya sa masu kiwo ke kashe famfo idan za su ba da abinci.

Inda gizo ke saƙar shi ne mantuwa. An yi sallama a ƙofa, ka fita, hira ta yi daɗi, famfo ya kwana a kashe. A cikin matacin nan akwai bakteriya masu amfani, irin su Nitrosomonas da Nitrospira, waɗanda ke mayar da ammoniya nitirat mai sauƙin illa. Da oksijin ɗin da ruwa mai gudana ke kawo musu suke rayuwa. Idan ruwa ya tsaya sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa, kifin ma su taso sama suna haƙi.

Maganin wannan mantuwa ƙaramar na'ura ce da za ka danna sau ɗaya, ta tsayar da famfo, ta mayar da shi da kanta. Zuciyarta ita ce NE555, ɗan guntun cif mai ƙafa takwas da Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics na Amurka, aka fara sayarwa a 1972. Har gobe ana samun sa a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, da araha. Madanni yana zuwa ƙafa ta 2, umarni yana fita ta ƙafa ta 3 zuwa rile, wato makunnin da lantarki ke motsawa. Tsawon lokacin kuwa rizista da kafasita ne ke yanke shi: a ninka ƙarfin su biyun, a sake ninkawa da 1.1. Rizista mai megom 1.2 da kafasita mai maikirofarad 470 za su ba da kusan daƙiƙa 620, wato minti goma da ɗoriya. Manyan kafasita suna yoyon caji, don haka lissafin ba ya cika daidai, amma kifi ba sa duba agogo. Adafta mai bolt 12 ta isa ta ciyar da cif ɗin da rile, a kuma sa dayod 1N4007 a gefen naɗin rilen don kada ya ƙona cif.

Abin da na fi so mai haɗawa ya riƙe shi ne ƙafar rilen da zai bi da wayar famfo. Akwai wadda take a haɗe idan rile yana hutawa, an rubuta NC a jikinta, akwai wadda take a buɗe, NO. Ta NC za a bi. Ta haka, ko adafta ta ƙone ko waya ta tsinke a ɓangaren cif, famfo zai ci gaba da aiki, asarar da aka yi ta ɗan abinci ce kawai. Wanda ya bi ta NO ya rataya ran kifinsa a wuyan kayan gyaran rediyo.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ga ta kusa da ruwa. A rufe komai cikin akwatin roba, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya faɗi kafin ya kai ga wuta. Wanda bai saba da wuta ba ya kai wa mai gyara ya haɗa masa wannan ɓangaren. Idan kuma famfon iska ne aka haɗa, kuma yana ƙasa da tanki, a sa masa bawul mai hanya ɗaya a tiyo, domin da zarar ya tsaya ruwa na iya biyo tiyon ya gangaro cikinsa.