Sunayen ƙananan jam'iyyu a bakin mutanen birni: misalin zaɓukan 1993 da 1995 a Nijar

1. Gabatarwa

A ƙarshen 1990 ne gwamnatin Ali Saibou ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Kafin a buɗe taron ƙasa a Yamai ran 29 ga Yuli 1991, jam'iyyu sun riga sun yawaita, kuma mafi yawansu sun ɗauki salon suna iri ɗaya: harufan Faransanci a gaba, kalmar Hausa a baya. Haka aka samu MNSD-Nassara, CDS-Rahama, PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya, waɗanda kowa ya sani. Amma akwai ƙanana da ba a cika kula da su ba, irin su UDPS-Amana, PSDN-Alheri, UPDP-Chamoua, PUND-Salama da UDFP-Sawaba.

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba waɗannan ƙananan ta fuskar ilimin harshe. Abin da muke son nunawa shi ne, ga jam'iyyar da ba ta da dukiya mai yawa ko reshe a kowace jiha, kalmar da ta zaɓa ita ce babban jarinta a cikin gari. Za mu fara da siffar sunan da asalinsa, sa'annan mu ga nauyin da waɗannan jam'iyyu suka yi a majalisa, daga nan mu bi sunan zuwa unguwa.

2. Suna biyu, masu saurare biyu

Kowane rabin suna yana da waɗanda yake yi wa magana. Harufan Faransanci na biro ne: su ake rubutawa a takardun ma'aikatar cikin gida da jaridu. Amma ko wanda ya yi karatun boko yakan rikice tsakanin PSDN da PNDS, ko tsakanin UDPS da UPDP, domin harufa huɗu ne kusan iri ɗaya aka jujjuya. Manyan jam'iyyu ba su cutu da wannan sosai ba, saboda yawan ambato ya sa kunne ya saba da harufansu. A kasuwa ana jin "Se-De-Es" kamar yadda ake jin "Rahama". Ƙaramar jam'iyya ba ta da wannan gata. In ba a kira ta "Alheri" ko "Amana" ba, to, mai sayar da goro ba zai tuna da ita ba ranar zaɓe.

Akwai wadda ta fita daga wannan tsari, watau PPN-RDA. Ita ba ta buƙaci laƙabi ba, tun da ita ta mulki ƙasa daga samun ƴancin kai har juyin mulkin 1974, kuma tsofaffi sun daɗe da sanin harufanta.

3. Inda aka samo kalmomin

Muna iya kasa sunayen kashi uku.

Kashi na farko, kuma mafi yawa, kalmomin aro ne daga Larabci waɗanda suka daɗe da zama Hausa: rahama, nasara, amana, alheri, salama, jama'a. Wannan zaɓi yana da dalili. Doka ta hana kafa jam'iyya bisa ƙabila, ko yanki, ko addini. Kalma irin "amana" ba ta keta wannan doka ba, amma tana ɗauke da ƙamshin addini, kuma musulmi masu wasu harsuna sun san ta ta hanyar karatun allo da wa'azi. Shi ya sa Amana da Salama, waɗanda ƙarfinsu yake wajen Abzinawa, da Alheri, wadda ƙarfinta yake gabas wajen Difa, duka suka sami suna a cikin wannan rumbu.

Kashi na biyu kalmomin zaman yau da kullum ne: tarayya, gaskiya, zumunci, zaman lafiya. Abin lura a nan shi ne ANDP ta Moumouni Adamou Djermakoye, wadda cibiyarta take Doso, ƙasar Zabarmawa, amma ta ɗauki sunan Hausa. Watau Hausa a nan harshen kasuwa da tasha ne, wanda ake neman ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya da shi.

Kashi na uku sunaye ne masu ɗauke da hoto ko tarihi. Shamuwa tsuntsuwa ce da zuwanta yake nuna damina ta kusa, kuma tana yin sheƙa a itatuwan cikin gari ba mai taɓa ta. Jam'iyyar André Salifou, malamin tarihi ɗan Damagaram wanda ya shugabanci taron ƙasa, ta ɗauki wannan suna. Manomi ba ya buƙatar a yi masa fassara. Sawaba kuwa tsohon suna ne. Jam'iyyar Djibo Bakary ce ta yi kira a ce "a'a" a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959. Kalmar ta yi tashe a wancan zamani har a ƙetaren iyaka, inda magoya bayan NEPU a Kano suke kiran kansu ƴan sawaba. Da aka farfaɗo da jam'iyyar bayan shekara 30 da ƴan kai, sunan ya fi ta girma.

4. Nauyin kujera ɗaya

Mai karatu yana iya tambaya ko waɗannan jam'iyyu sun isa a ɓata takarda a kansu. Alƙaluman zaɓe su za su ba da amsa.

A zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Fabrairu 1993 kujeru 83 aka yi takara a kansu. Nassara ta samu 29, Rahama 22, Tarayya 13, Zaman Lahiya 11. Sauran 8 ƙanana suka raba: PPN-RDA 2, Sawaba 2, Chamoua 2, Alheri 1, Amana 1. Tsarin raba kujeru gwargwadon yawan ƙuri'u shi ya ba su wannan ƙofa. A wannan karo ƙawancen AFC ya haɗa kujeru 50, saboda haka ƙananan ba su ne suka yanke hukunci ba.

A watan Satumba 1994 Tarayya ta fita daga ƙawancen, shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa, aka koma zaɓe ran 12 ga Janairu 1995. Nassara ta sake samun 29, Tarayya ta samu 12. Jimla 41 ke nan, alhali rinjaye yana buƙatar 42. Kujera ɗaya ta PPN-RDA da kujera ɗaya ta Chamoua su suka kai wannan ɓangare 43. A ɗaya ɓangaren, Rahama tana da 24, Zaman Lahiya 9, Salama 3, Alheri 2, Amana 2, watau 40. Wannan ƴar tazara ce ta tilasta wa shugaban ƙasa zama da faraminista daga ƴan adawa, Hama Amadou, kuma rikicin da ya biyo baya shi ne hujjar da sojoji suka kafa a juyin mulkin 27 ga Janairu 1996.

Ashe ke nan depite guda yana iya juya akalar ƙasa. Kuma wannan depite guda, a jihar da ya fito, da sunan Hausa aka roƙa masa ƙuri'a.

5. Sunan a cikin unguwa

A wancan zamani ƙaramar jam'iyya a birni ba ta da babban gida. Sau da yawa shago ne aka yi haya na wata biyu, ko zauren gidan wani jigo, da tuta, da benci, da butar shayi. Samarin fada suna zama a ƙofa, mata suna zuwa gangami da zane iri ɗaya kamar za su biki, maroƙi yana gaba. Bayan zaɓe shagon yakan koma hannun tela. Abin da yake saura shi ne sunan da ya manne wa mutane: wane ɗan Amana ne, gidan su wance ƴan Shamuwa ne. A nan za mu kawo abubuwa uku na nahawu.

Na farko, sunan yana shiga ƙirar ɗan, ƴar, ƴan ba tare da wata wahala ba, kuma yana shiga kirari da waƙa. Maroƙi yana iya jan "Alheri" ya haɗa shi da karin magana. Harufa huɗu na Faransanci ba sa ba shi wannan dama.

Na biyu, jinsi yana rarrabe ma'ana. A Hausa "alheri" namiji ne, "zama" ma haka. Amma da zarar kalmar ta zama sunan jam'iyya sai ta ɗauki jinsin mace, domin mai magana yana da "jam'iyya" a zuci. A kwatanta:

(1) Alheri ya shigo garinmu.
(2) Alheri ta shigo garinmu.

Jimla ta (1) tana nufin an samu wani abin arziki, ta (2) kuwa tana nufin ƴan parti sun zo kamfe. Haka ake cewa "Zaman Lahiya ta goyi bayan wane", abin da ba zai yiwu ba in zaman lafiya na gaskiya ake nufi.

Na uku, inda kalmar ta riga ta zama mace, jinsi ba ya taimakawa, sai harshen damo ya samu wuri. A 2004 Cheiffou Amadou, tsohon faraministan riƙon ƙwarya, ya fita daga CDS ya kafa RSD-Gaskiya, wadda ta yi ƙarfi a Maraɗi. A duba waɗannan:

(3) Ya bar Rahama ya kama Gaskiya.
(4) Ya bar Gaskiya.

A rubuce babban harafi yana warware matsalar. A baki kuwa babu babban harafi. Jimla ta (3) yabo ce a bakin ɗan jam'iyyar, ta (4) zargi ce a bakin kowa. Wanda ya canza sheƙa daga Amana, abokan hira ba za su rasa ce masa ya ci amana ba. Wannan shi ne ribar irin waɗannan sunaye: fita daga jam'iyyar sai ta yi kama da fita daga halin kirki. Lokacin kamfe har addu'a takan zama abin raha, domin mai cewa "Allah ya ba mu zaman lafiya" yana iya jin an tambaye shi ko ya sauya parti ne.

Amma ribar tana da iyaka, domin gari ma yana ƙirƙiro nasa kalmomi. "Canji", wadda Hausa ta aro daga Ingilishi ta hanyar Nijeriya, ita ce taken ƙawancen AFC a 1993. Da aka shiga rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawancen, manya da ƙanana, kowace tana neman minista ko darekta a madadin goyon bayanta, sai kalmar "wasoso" ta bazu a jaridu da bakin mutane. Wasoso shi ne yadda yara suke rububin abin da aka watsa musu. Jam'iyya tana zaɓar wa kanta suna, jama'a kuma suna raɗa wa aikinta wani.

6. Matsalar rubutu

Yawancin sunayen an yi musu rajista da ƙa'idar rubutun Faransanci. Aka rubuta Chamoua maimakon Shamuwa, daga baya Tchanji maimakon Canji. "Lahiya" tana nuna lafazin Hausar yamma, inda ake jin h a wurin f. "Nassara" da s biyu dabara ce ta hana mai karatun Faransanci furta z tsakanin wasula biyu. A Hausa ba a ninka wannan baƙi a cikin wannan kalma. Kuma ko wace ƙa'ida aka bi, rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin "nasara", cin gaba, da "Nasara", Bature: tsawon wasalin tsakiya da karin sauti su suke raba su. Ko bayan da aka tsaida ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar a 1999, jam'iyyu da yawa sun ci gaba da tsohon salo. Wannan yana nuna cewa an zaɓi sunan don kunne, amma an rubuta shi don idon ma'aikacin biro.

7. Kammalawa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da ayyukan jam'iyyu, a watan Maris 2025 kuma aka rusa su gaba ɗaya; a lokacin yawansu ya haura 100. Kundin da aka fitar a wannan wata shi ne kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Tun shekara 30 da suka wuce jam'iyyun sun nuna a aikace cewa da wannan harshe ake zuwa wurin talaka, har waɗanda shugabanninsu ba Hausawa ba ne.

Takardun hukuma za su adana harufan da adadin kujeru. Kirari, da ba'a, da laƙabin da aka yi wa juna a fada da gidan biki, ba wanda ya rubuta su, kuma waɗanda suka yi zaɓen 1993 suna samari yanzu sun haura shekara 50. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun digiri, musamman ƴan Maraɗi, Damagaram da Tawa, da su ɗauki rakoda su zauna da waɗannan mutane, su tattara jimlolin kamar yadda aka faɗe su, tare da wuri da lokaci da wanda aka faɗa wa. Da irin wannan tarin ne za a iya gwada ko ƙa'idar jinsi da muka kawo a sashe na 5 tana aiki a kowane karin harshe.